Darasin Juma'a: Fina-finan aljanu na Turkiyya a wayoyin gidajenmu

  

Darasin wannan mako amsa ce ga tambayar da iyaye suka yi ta aiko mana, musamman iyaye mata. Yara da samari suna zuwa wajen masu cajin waya da masu tura fim a bakin kasuwa, a zuba musu fina-finan tsoro na ƙasar Turkiyya, su kawo gida a kalla da dare. In an yi magana sai yaro ya ce, "Baba, ai wannan na Musulmi ne, har Ayatul Kursiyyu ake karantawa a ciki." Tambayar ita ce: ya halatta a kalla? Kuma abin da ake nunawa, haka yake a addini?

Za mu fi daɗewa a kan tambaya ta biyu, domin a nan ne ɓarnar take.

Daga ina suka fito

Mutanenmu sun yarda da fim ɗin Turkiyya ne tun zamanin Ertugrul, wanda gidan talabijin na gwamnatinsu ya nuna daga 2014 zuwa 2019. An ga jarumai masu alwala da salla, mata a suturce, sai aka ɗauka duk abin da ya fito daga can wankakke ne. To, masana'antar fim kasuwa ce kamar Bodija: akwai mai sayar da wake mai kyau, akwai mai haɗa shi da tsakuwa, kuma rumfarsu na jere.

Turkiyya ƙasar Musulmi ce da ta sha wani irin tarihi. A 1924 aka soke halifancin Usmaniyya. A 1925 aka yi dokar da ta rufe zawiyoyin ɗariƙu, ta kuma haramta duba, da tofi, da rubuta laya. A 1928 aka daina rubuta harshensu da haruffan Larabci. Maganar aljanu ta koma ƙauye da ɗakunan tsofaffi, ɗan boko na birni yana jin kunyarta. Har yau da yawansu ba sa son kiran sunan kai tsaye, sai su ce "masu harafi uku", saboda kalmar aljani a rubutunsu harafi uku ce. Kun ga dai kamar yadda mu ma muke kaucewa mu ce mutanen ɓoye, ko iskoki. Suna da laya, suna da malamin da ake kai wa mai iska, suna neman izini kafin su zubar da ruwan zafi da dare. Wannan kamanni shi ya sa fim ɗin ke kama Bahaushe fiye da na Turawa. Dodon Bature ba ya tsorata mu sosai, amma amarya da lalle a hannu tana magana da muryar namiji, wannan labari ne da kowa ya taɓa jin irinsa a unguwa.

Sai dai a lura da tushen abin. A 1973 aka yi wani fim a Amurka mai suna The Exorcist, labarin yarinyar da shaiɗan ya shiga, limaman cocin Katolika suna fama da shi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1974, wani darakta Baturke mai suna Metin Erksan ya kwaikwaye shi kusan fage da fage, ya sa masa suna Şeytan. Inda fada yake ya sa malami, inda ruwan coci yake ya sa zamzam. Amma ƙashin bayan labarin bai canza ba: yarinya ɗaure a gado, murya ta sauya, jiki na murɗewa, mai addini na ta ihu yana gumi. Daga nan harkar ta yi sanyi har zuwa 2004 da aka fitar da Büyü, wato Sihiri. A 2006 Hasan Karacadağ, wanda ya zauna a Japan ya ga yadda suke fim ɗin tsoro, ya fitar da Dabbe, ya kuma bi shi da wasu biyar har zuwa 2015. Alper Mestçi ya yi Musallat a 2007, sannan ya fara jerin Siccin a 2014. A rubutunsu harafin "c" kamar "j" ake karanta shi, don haka Sijjin ke nan. Ya samu kasuwa har 'yan Indunusiya suka sake yin nasu a 2023.

Sunayen da aka aro daga Littafi

Mu tsaya kan sunayen nan, don su ne tarkon farko. Dabba tana cikin Suratun Namli, aya ta 82: wata halitta ce da za a fitar daga ƙasa ta yi wa mutane magana, kuma malamai sun lissafa ta cikin manyan alamomin tashin kiyama. Ayar ba ta ce aljani ba ce. Mai fim ɗin 2006 shi ya ga dama ya ɗaura ta a kan intanet, wai ita ce ta mamaye duniya kamar yanar gizo-gizo, aljanu na bi ta cikinta. Wannan tafsirin mai kyamara ne, ba ka samunsa a Jalalaini ko Ibn Kasir. Sijjin kuwa yana Suratul Muɗaffifina, aya ta 7 zuwa ta 9, inda ake maganar littafin ayyukan fajirai. Abin mamaki, surar nan ta buɗe ne da gargaɗi ga masu tauye mudu da sikeli. Wato kalmar da aka ɗauka aka yi wa fim ɗin sammu suna, a Alƙur'ani tana zaune ne a surar da ta fi shafar mu 'yan kasuwar hatsi. Wanda yake son ya ji tsoron Sijjin, ya duba gindin mudunsa kafin ya duba waya.

Na ukun, Semum na 2008, shi ne ya ɗan kusanci ma'ana, don Suratul Hijri aya ta 27 ta ambaci cewa daga wutar samumu aka halicci aljani.

Sannan kusan kowannensu sai ya rubuta a farko cewa wai labarin ya faru da gaske, a riƙa girgiza kyamara kamar wani ne ya ɗauka da waya. Dabarar talla ce da aka daɗe ana yi a Amurka. Babu isnadi, babu shaidu. Mu da aka koya wa tambayar wane ya ruwaito kafin mu karɓi hadisi, bai dace rubutun kan allon fim ya wuce mu haka ba.

Abin da muka yi imani da shi

Kada wani ya fahimci cewa muna musun aljanu. Wanda ya musa samuwarsu ya ƙaryata Alƙur'ani, sura guda sukutum aka saukar da sunansu, ta 72. Halittu ne masu hankali, an ɗora musu bauta kamar mu, a cikinsu akwai Musulmi akwai kafirai, suna ganinmu ba ma ganinsu. Sihiri ma gaskiya ne, Suratul Baƙara aya ta 102 ta ambaci wanda ake raba miji da mata da shi, wanda mu muke kira farraƙu. Mafi yawan malaman Sunna sun tafi a kan cewa aljani na iya shafar mutum, suna kafa hujja da aya ta 275 ta wannan surar. Malaman da har littattafai suka yi a kai, kamar Akamul Marjan na Badruddin Shibli, wanda Imam Suyuɗi ya taƙaita.

Amma ku dubi girman da Alƙur'ani ya ba su. Ayar sihirin nan da kanta ta ce ba sa cutar da kowa sai da izinin Allah. Suratun Nisa'i aya ta 76 ta siffanta makircin Shaiɗan da rauni. A Suratu Ibrahim aya ta 22, Shaiɗan da bakinsa zai faɗa ranar kiyama cewa ba shi da wani iko a kan mutane in ban da kira da ya yi suka amsa. A Suratu Saba aya ta 14, Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu na ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda gara ta riga su sanin mutuwar mai gidansu, su ne za a ce sun san gaibu? Kuma Suratul Jinni aya ta 6 ta ba da labarin mutanen da ke neman tsari da aljanu saboda tsoro, sai hakan ya ƙara dagula lamarin.

To yanzu a ɗora wannan kusa da abin da fim ke nunawa. A fim aljani ne sarki. Ya san komai, yana ko'ina, yana kashe wanda ya so. Malami ya yi ta karatu, a wurga shi da bango. Sau da yawa fim na ƙarewa ne aljani ya ci nasara, saboda in an kashe shi babu kashi na biyu da za a sayar. Yaron da ya kalli irin wannan sau goma, abin da zai zauna masa a zuciya shi ne an karanta Alƙur'ani kuma bai yi aiki ba. Ba zai faɗa da baki ba. Za dai ka ga ya daina fita alwalar Asuba shi kaɗai.

Gaskiya ɗaya za mu ba su. Siccin na farko labarin mace ce da ta ƙwallafa rai a kan ɗan uwanta mai aure, ta je wajen boka a yi wa matarsa sammu, ita da duk mai jininta. Abin ya zama bala'in da bai tsaya inda ta nufa ba. Wannan darasi ne na ƙwarai. Amma hadisi guda na Sahihu Muslim, wanda ya ce mai zuwa wajen ɗan duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in, ya isar da shi ba tare da an zauna ana kallon yadda boka ke haɗa ƙazantarsa dalla-dalla ba.

Mu ma mun taɓa ganin irinsa

Ba Turkawa suka kawo mana maganar iskoki ba. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a nan Sabo a 1962 da 1963, littafinsa ya fito a 1969. Ya rubuta yadda aka kafa unguwar a 1916, da yadda iyayenmu suka fara tasu sallar Juma'a a 1952, ya kuma rubuta cewa a wancan lokaci bori na nan da ƙarfinsa a hannun mata. Tsofaffinmu sun san sunayen: Sarkin Aljan, Inna, Ɗan Galadima, Kuturu, da birninsu Jangare. Karatu ne ya rage wannan. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi a Sakkwato da 'Yan Taru, ta tura jajis ƙauyuka su koyar da mata, har malfar da shugabar bori ke sawa ta ɗora wa malamanta mata. Ta gane cewa macen da aka bari cikin tsoro ba ilimi, dole ta nemi mai girka.

Na kusa-kusa kuma, waɗanda suka zo daga Kano za su tuna Sumbuka. Wajen ƙarshen 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa suna ihu, wasu suna wata rawa da mutane suka ce irin ta fim ɗin Indiya ce. Masu ruƙiya suka shiga makarantu, aka naɗi hirarsu da aljanu a kaset, kaset ya shiga kasuwa. Ba mu zo yanke hukunci kan abin da ya samu yaran nan ba, Allah ne Masani. Abin lura kawai shi ne, abin da ido ya saba gani da abin da kunne ya saba ji yana tasiri a yadda jiki ke nuna damuwarsa. Jiya rawar Indiya ce da kaset. Yau yarinya ta kwana tana kallon amaryar Turkiyya tana murɗe wuya.

Wanda ke biyan kuɗin

Ga inda muke son iyaye su buɗe kunne. A Dabbe na 2013, wata amarya ce aka ce aljanu sun kama a daren lalle. Ƙawarta likitar ƙwaƙwalwa ce da ba ta yarda da aljanu ba, ta haɗu da wani malamin ruƙiya, kowa na son nuna shi ke da gaskiya. Kusan duk fina-finan haka suke: likita gafalalle ne, sai ya sha wuya ya gane kurensa. Wannan faɗan Turkawa ne tsakanin boko da addini, wanda ya samo asali daga tarihin da muka ambata. Malamanmu ba su raba abin haka ba. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kasa farfaɗiya gida biyu, wadda take daga miyagun ruhohi da wadda take daga cutar jiki, ya ce ta biyun ita ce likitoci ke magana a kai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaure, ta haɗa neman magani da ruƙiya a babi ɗaya, ta halatta duka.

Cututtuka da yawa suna kama da abin da fim ya koya mana mu kira shafar aljanu. Farfaɗiya na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ta aka ba su magani daidai. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. In mutum ya faɗi, a kawar da wuta da ƙarfe daga kusa da shi, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. In ta wuce minti 5 bai dawo ba, asibiti. Mai ciki ko mai jego da ta fara jijjiga, yawanci hawan jini ne, akwai allurar da ke tsayar da ita, kuma duk awar da aka ɓata ana hayaƙi ana iya rasa uwa da ɗa. Mai jego da ta daina barci, tana surutai, tana ƙin jaririnta, wannan taɓin hankali ne na bayan haihuwa, yana samun mace 1 ko 2 cikin 1,000, kuma yana warkewa. Yaro mai zafin jiki da ya sanƙare, a yi tunanin zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau. Likitocin UCH sun daɗe suna gargaɗi kan haɗin fitsarin saniya da ganyen taba da ake ɗura wa irin yaran nan a wannan yanki, mu ma namu hayaƙin barkono bai fi shi ba. Saurayi ɗan dako da ya faɗi yana kakkafewa a bayan tirela, kafin a ce iska ce a laluba aljihunsa, domin tramadol na jawo wannan. Dannau kuma, da Turkawa ma suke da sunansu gare shi, sau da yawa rashin barci ne da gajiya: ƙwaƙwalwa ta farka jiki bai farka ba.

Daga shataletalen Mokola zuwa UCH tafiyar 'yan mintuna ce, kuma suna da sashen ƙwaƙwalwa. Ga Aro a Abeokuta, inda Dakta Adeoye Lambo tun 1954 ya riƙa ajiye marasa lafiya a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. A gida akwai Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato. Ka kai mara lafiyarka, ka zauna kusa da gadonsa ka karanta masa Fatiha da Falaƙi da Nasi. Babu likitan kirki da zai hana ka.

Duka da ɗauri

Fim ya saba mana da ganin mara lafiya a ɗaure, har ya zama kamar haka ake yi. A Nuwamban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum 259 daga wani gidan gyaran hali a unguwar Ojoo, nan cikin Ibadan, wasu da mari a ƙafa. Kafin nan an yi irinsa a Rigasa ta Kaduna da Daura. Yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar alheri.

Mu koma ga Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mata baƙa da ta zo wa Annabi (SAW) tana da farfaɗiya, kuma in ta faɗi jikinta na buɗewa. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko ya yi mata addu'ar warkewa. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi dai ya yi addu'a kada ta riƙa tsiraita, ya yi. Ibn Abbas yana nuna ta ga almajirinsa a matsayin 'yar Aljanna. Babu igiya a labarin nan, babu bulala, ba a tara jama'a kallo ba. Damuwarta sutura ce, kuma an kiyaye mata. A gwada da yau, da ake ɗaukar bidiyon matar mutum tana birgima ana yaɗawa a WhatsApp da sunan wa'azi.

Mun san masu duka suna da abin da suke kafawa. Akwai ruwayar Ibn Majah cewa Annabi (SAW) ya bugi ƙirjin Usman ɗan Abil As da hannunsa ya umarci shaiɗan ya fita, kuma Ibnul Ƙayyim ya ba da labarin malaminsa Ibn Taimiyya ya taɓa dukan mai iska. Na farko bugun hannu ne daga wanda wahayi ke zo masa. Na biyu aikin malami ne, ba nassi ba. Wa zai lamunce maka cewa wanda ke gabanka aljani ne, ba mai jego mai ciwon ƙwaƙwalwa ba? In ka karya mata haƙarƙari, a jikinta ya karye, kuma a shari'a kai za ka biya. Ibn Hajar ya kawo sharuɗɗan ruƙiya da malamai suka haɗu a kai: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa, da harshen da ake fahimta, kuma a ƙudurce cewa Allah ne mai warkarwa. Dorina ba ta ciki. Kuma ruƙiya ba sana'ar wasu keɓaɓɓu ba ce. Annabi (SAW) da kansa yake karanta ƙula'uzai ya tofa a tafinsa ya shafe jikinsa in zai kwanta. Miji na iya yi wa matarsa, uwa ta yi wa ɗanta. In lalura ta sa an kira malami, kada ya keɓe da mace, kada ya taɓa ta, kuma wanda ya fara da tambayar sunan uwarta ko ya ce a kawo baƙar akuya, a raka shi ƙofa.

"Wa ya turo ka?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace rusa gida, kuma ita ce ƙashin bayan kowane fim: a ƙarshe sai an gano wata 'yar uwa ko maƙwabciya ce ta binne abu. Sai mu ma a zaunar da mara lafiya a yi ta matsa mata har bakinta ya ambaci kishiya, ko uwar miji, ko mai rumfar kusa. Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan cewa maganar aljani da harshen wanda ya faɗi ba ta da dalili, dabarar masu tsibbu ce. Mafi yawan malamai sun saɓa masa. To mu ɗauka ma aljanin ne ke magana. A hadisin Abu Huraira da ɓarawon abincin zakka, Annabi (SAW) ya gaskata abu ɗaya da shaiɗanin ya faɗa game da Ayatul Kursiyyu, amma a wannan numfashin ya bayyana cewa maƙaryaci ne. Suratul Hujurat aya ta 6 ta hana mu karɓar labarin fasiƙi ba bincike. Wane alƙali ne zai karɓi shaidar wanda ba a gani, ba a san sunansa na gaskiya ba, kuma an san shi da ƙarya? Amma da irin wannan shaida ake sakin mace mai 'ya'ya biyar.

A kasuwa ma haka. Ciniki ya ja baya, sai a ce an yi mini asiri. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da kuɗin mota daga Dawanau ko Mubi ya zama, ga kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya, ga mai saye da aljihunsa ya bushe. A fara buɗe littafin bashi tukuna. Kuma mu tuna muna zaune ne cikin maƙwabta Yarbawa, da yawansu Musulmi 'yan uwanmu. Zargin maita ko asiri a tsakanin rumfa da rumfa ba ƙaramin abu ba ne a irin wurin nan. Rikicin Shasha na Fabrairun 2021 daga cacar baki ya faro.

Hukuncin kallon

Ra'ayinmu shi ne barinsu ya fi, kuma ga yara ƙanana ba ma ganin wani uzuri. Abu Dawuda ya ruwaito hanin tsorata Musulmi ko da wasa ne, balle uba ya miƙa wa ɗan shekara 8 waya ya kwana yana firgita. Babba kuma ya auna kansa da abu uku da zai iya gani: ko kallon na cinye masa Asuba, ko ya fara jin tsoron banɗakinsa da soronsa, ko ya fara kallon wani ɗan uwa da wani ido. In ɗaya ya samu, ya goge. Masu tura fim a bakin kasuwa, yawancinku 'ya'yanmu ne kuma kuna sahun nan yau. Ba mu ce ku rufe sana'a ba, amma yaron da aka aiko cajin waya, kada a zuba masa Siccin don naira ɗari biyu.

Wanda ya riga ya kalla tsoro ya zauna masa, kada a yi masa dariya, kada kuma a ce ai shi ma an shafe shi. A koya masa abin da aka koya mana: Ayatul Kursiyyu da ƙula'uzai lokacin kwanciya, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, azkar na safe da yamma, addu'ar shiga banɗaki. A shigar da yara gida in rana ta faɗi, a rufe ƙofa da kwanuka da sunan Allah, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir. In ya yi mummunan mafarki ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada ya bi mutane yana ba da labari. Uwa ta bar masa fitila kwana biyu-uku, ba laifi.

Mako mai zuwa in sha Allahu za mu karanta babin magani da ruƙiya na Risala bayan Magariba, har da saɓanin malamai kan laya da rubutun sha, wanda da gangan ba mu taɓa shi yau ba. Mata za su iya aiko da tambayoyinsu a rubuce ta hannun malaman Islamiyya, ba sai an sa suna ba. Duk gidan da ke da mara lafiya irin wanda muka siffanta kuma kuɗin asibiti ya gagara, a sami ɗaya daga cikin 'yan kwamitin masallaci a keɓe bayan salla. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.